Ranar Da Fijonmu Ta Yi Tari A Lamisula

Ko da zan tsufa har in riƙa kiran jikokina da sunan juna, ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da aka kai Yagana ɗakinta ba. Yagana ƙanwar maigidana ce. Har yau in danginsa suka taru aka ci burabisko aka ƙoshi, hira ta fara sanyi, sai wata ta kalle ni ta gefen ido ta ce, "Injiniya, ba mu labari mana." Da can nakan tashi in shige ɗaki. Yanzu ni da kaina nake bayarwa, don na lura in wasu suka bayar suna tsallake wuraren da na yi ƙoƙari.

Shekarar da aka yanke layin waya a Maiduguri ce. Wanda ya zauna garin a lokacin ba sai na yi masa bayani ba. An hana babur, da yamma kowa ya shige gida, in ka ji ƙara daga nesa sai ka tsaya da loma a hannu kana tunanin wace unguwa ce. Ni kuma ga ni da 'yar fari, Fanna, ko zama ba ta fara ba. Ban taɓa ɓoye wa kowa cewa ni matsoraciya ba ce. A cikin gida ma goye nake yawo da ita, takalmina kullum bakinsa yana kallon ƙofa. Boko ban yi nisa ba, amma ido da kunne Allah ya ba ni. Na san ƙarar ƙofar kowane maƙwabci, na san tafiyar mai ruwa da ta baƙo.

Muna zaune a Old Maiduguri, kuma muna da mota. Kar ku ɗauka wata abar a zo a gani ce. Tsohuwar Fijo ce ruwan madara, wadda marigayi Ba Kura, mahaifin maigidana Baban Fanna, ya saya tun yana fataucin shanu. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Baban Fanna sana'ar busasshen kifi yake yi, to hanyar kifi ta rufe, sana'a ta kwanta, mai kuma ya yi wuya ya yi tsada. Sai ya zama motar ba ta fita sai ranar Juma'a, ya je masallaci, mu wuce mu gaishe da mahaifiyarsa Ya Hajja, mu dawo a rufe ta da tsohon tamfol. Abokansa sun sha ce masa ya sayar. Ni kuwa duk sanda na leƙa na gan ta sai in ji zuciyata ta ɗan sauka. A wurina ita ce ƙafafunmu. In ranar gudu ta zo, ita za ta fitar mini da Fanna daga garin.

Wata safiya ya zo da Modu bakanike har gida, wai a rage mata shan mai. Ina zaune a bakin ƙofar ɗaki ina tsince shinkafa, amma rabin idona yana cikin injin. Modu ya cire wata faffaɗar tukunya a saman, ya buɗe abin da suke kira kafireto, inda mai da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji. Ya zaro wani ɗan ƙarfe mai rami kamar na allura, ya ce sunansa jet, ya sa wani mai ramin da ya fi ƙanƙanta. Da ya mayar da komai ya tayar da ita, sai ya kama wani sukuru a gindin kafireton yana murɗawa dama a hankali, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga. Muryar motar ta yi ta raguwa har ta koma kamar ta marar lafiya.

Modu dai ya faɗi gaskiya, ya ce in an rage mata ci an rage mata gudu. Baban Fanna ya yi dariya ya ce shi ina zai gudu ya je.

Wannan maganar ta tsaya mini a ƙirji kamar ƙayar kifi.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya muna tafe a titi sai ga wani keke mai ƙafa uku ya zo ya wuce mu, cike da mata da buhun gawayi a sama. Direban har da waiwayowa. Na daure har muka dawo gida, sannan na ce masa motar nan fa ba ta da rai yanzu. Ya ce, "Maman Fanna, mota mai ƙarfi da tanki babu komai, ke za ki tura ta?" Gaskiyarsa ce. Matsalata ita ce duka biyun nake so. Ina so allurar mai ta tsaya cak ba ta motsi, kuma ina so in an taka totur motar ta tashi sama.

To a nan ne zan faɗi wani aiki da na fara a wannan makon, wanda shi bai sani ba.

But ɗin motar, wato wurin zuba kaya na baya, makullinsa daban yake, ɗan ƙarami. Na zare shi daga cikin sauran na ɗaura a igiyar jigidata, don nan ne kaɗai na san hannun kowa ba zai kai ba da rana. Ya neme shi ya gaji, ya ɗora laifin a kan aljihunsa mai huda, ya ce in abubuwa sun yi sauƙi zai kira mai gyaran makulli. Samarin da ke tsare hanyar unguwarmu da gora kuwa sun san motar tun suna yara, hannu kawai suke ɗaga masa ya wuce.

Da jaka ɗaya na fara, kayan Fanna da zannuwa biyu. Sai na kwanta na yi tunani, in mun gudu me za mu ci? Na sa gero. Kwana biyu sai na ce, gero ai ba a cin sa haka, sai an daka. Na sa turmi. (Yadda na ɗaga shi ni kaɗai, da goyo, har yau ina mamakin kaina.) Turmi ba taɓarya wauta ce, na sa ta a karkace. Abin da aka daka sai an dafa, ga tukunya, ga kurfoti, ga gawayi. Dahuwa sai da ruwa, na cika jarkoki. Daga nan na tuna in mun isa wani gari da me zan ciyar da yarinya, sai na kwance kan keken ɗinkina na naɗe shi a bargo. Dutsen niƙan kakata kuma, wannan ba ni da hujja, ban iya barin sa ba ne kawai.

Bayan motar ya fara zama ƙasa kamar tsohuwa a kan kujera 'yar tsugunno. Baban Fanna ya zagaya ya duba ya ce shokazoba ce ta gaji. Na yi maza na ce lallai kuwa ta gaji, Allah sarki. Kuma kullum motar sai ƙara nauyin jiki take, ni kuma ina ƙara jin haushin Modu. (Ni da nake lura in ƙuda ya canza wurin zama, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Tsoro yana buɗe ido ɗaya ne ya rufe ɗaya.)

Ana haka bikin Yagana ya zo. Ya Hajja ta ce duk 'ya'yanta mata a motar ubansu aka kai su, ita ma autar a ciki za ta tafi, ko da turawa za a yi. Gidan ango yana Lamisula. Aka tsara da an yi la'asar a ɗauki amarya, a kai ta, kowa ya juyo ya shige gida kafin lokacin hana fita. Ni tun da na ji haka barci ya ƙaurace mini. Za mu ratsa gari, da jaririya, a motar da keke yake wucewa. In wani abu ya tashi a hanya fa?

Da safe maza suka tafi ɗaurin aure a ƙafa, gidan ya rage daga ni sai Fanna da kaji. Na kwantar da ita, na ɗauko makullin mota a jikin ƙusa, na ɗauko wuƙar da nake yanka albasa. Na san inda ake jan hannu a buɗe bonet, na san yadda ake girgiza giya a tabbatar ba ta ciki, duk na gani. Na yi bisimilla na tayar da ita. Ga sukurun Modu yana kallona. Shi dama ya murɗa, don haka ni na murɗa hagu. Sau nawa? Ban ƙirga ba, na dai yi ta yi har sai da raina ya kwanta. Sai na ga wani sukurun a kusa da shi, na ce ai ba adalci a taɓa ɗaya a bar ɗaya. Na murɗa shi hagu, motar ta nemi mutuwa. Na yi maza na mayar dama, na ƙara, na ƙara.

Sai ta yi ruri.

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗin da na ji a lokacin ko ranar sunan Fanna ban ji shi ba. Gidan gaba ɗaya yana rawa, baƙin hayaƙi ya kori kaji har bayan ɗaki, warin mai ya cika tsakar gida. Na tsaya riƙe da wuƙa ina cewa a raina, ashe abin da maza suke yi wa fankama ke nan. Na kashe ta, na rufe, na wanke hannu da sabulu da toka, na bi jikina da humra, na zuba turaren wuta ya cinye sauran warin.

Da la'asar Baban Fanna ya tayar da ita ya kai ta ƙofar gidan Ya Hajja, sai ya ɗaure fuska ya ce yau kuma da fushi ta tashi. Ya Hajja ta ce murna take yi, ta san 'yar gidan za ta ɗauka. Ta zauna gaba. A baya ga amarya a tsakiya, an lulluɓe ta tana kukanta, ga gwaggonsu a gefe ɗaya, ga ni a ɗaya gefen da Fanna a cinya, cikin sabuwar laffaya ruwan ganye da na yi wata ina ɓoyo. Sauran mata suka biyo mu a bas da kekuna.

Tun ba mu yi nisa ba na fara gane akwai magana. Rurin yana nan, amma gudun bai ƙaru ba. Ƙari ma sai wata fizga da take yi kamar mai shaƙuwa. Na waiwaya na hango matan cikin keke sun toshe hanci da bakin laffaya. Baban Fanna kuwa idonsa yana kan allurar mai, yana ƙwanƙwasa gilashinta da yatsa, wai ko maƙalewa ta yi a ƙasa. Na ji yana cewa a hankali, wannan ai ba sha take ba, zubarwa take. Na sunkuyar da kai na shiga gyara wa Fanna hular da ba ta karkace ba.

Mun shigo layin gidan ango, ana hango mata a ƙofa sun fara guɗa, sai ya ɗaga ƙafa don ya kauce wa wata ganga da samarin unguwar suka gindaya. Motar ta yi tari sau ɗaya ta mutu. Ya murɗa makulli, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya taka totur har ƙasa ya sake murɗawa.

Ƙarar da ta fito daga bayan motar nan, ban san da me zan kwatanta ta ba. A wani gari da an ce salansa ce ta yi harbi, a yi tsaki a wuce. Amma wannan Maiduguri ce, a waccan shekarar. Guɗa ta koma salati. Mai shayi ya bar tukunyarsa, mai faci ya tsallake taya, farantai suka tashi sama, takalma suka zube a layi ba masu su. Kafin hayaƙin ya washe babu kowa a tsaye.

Ni kuwa, a nan ne nake so a riƙa ba ni haƙƙina. Ban san sanda na buɗe ƙofa ba. Na dai tsinci kaina a cikin kwata, kwance a kan gwiwa da gwiwar hannu, Fanna a ƙarƙashin ƙirjina ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Duk layin ba wanda ya riga ni. Cewa ni na haddasa abin da nake guje wa, wannan daga baya ya zo mini.

Da na ɗago kai sai na ga samarin unguwar sun kewaye motar, da gora da adda. Waɗannan ba su san Ba Kura ba, ba su san kowa ba. Abin da suka gani shi ne baƙuwar tsohuwar mota, ta yi ƙara, tana hayaƙi, bayanta ya zauna ƙasa don nauyi. A lokacin nan wannan ma'anarsa ɗaya ce. Babbansu, wani dogo mai furfura a gemu, ya sa Baban Fanna ya fito ya ɗaga hannu, ya ɗaga riga, sannan ya ce a buɗe but.

Baban Fanna ya ce makullin ya ɓata. Ya rantse, kuma har zuciyarsa yake rantsuwar.

"Makulli ya ɓata," in ji dogon, "kuma bayanta ya zauna haka? Me ka ɗauko?"

Ya ce ba komai sai safaya da jak. Ya Hajja ta fito tana jero musu da Kanuri ko shi ɗan wane ne, jikan wane, amma ba wanda ya kalle ta. Suka zaunar da shi a ƙasa cikin babbar rigarsa ta biki. Dogon ya ce kowa ya ja baya, a je a kira masu kaki su zo su tafi da shi da motar, can zai tuna inda makullin yake. To wanda aka tafi da shi bincike a wancan lokacin, ba mai iya ce maka ga ranar dawowarsa.

Makullin kuwa ina jin sanyinsa a ƙuguna.

Na so a ce ban yi jinkiri ba ko kaɗan, amma na yi. Na kalli dangin miji, na kalli dangin ango da suka fara leƙowa ta saman katanga, na ce a raina ko ƙasa za ta taimaka ta haɗiye ni. Sai na ga Baban Fanna ya waiwayo yana neman inda muke da ido, ba ta kansa yake ba. Na miƙe. Baƙin ruwa yana zuba daga laffayata, wata leda ta manne mini a gwiwa.

Na ce, "Makullin yana wurina."

Dogon ya ce in tsaya inda nake in fito da shi. Na miƙa wa gwaggo Fanna, na juya baya, na cusa hannu ƙarƙashin laffaya, ƙarƙashin zane. Ƙullin da na yi don kada ya ɓata, ashe na yi shi da gaske. Na ja, ya ƙi. Layi guda yana kallon bayana. Na ja da ƙarfi. Igiyar jigidar ta tsinke.

Duwatsun nan suka zubo ta ƙasan zane, ja da fari da ruwan gwal, suna tsalle a kan titi, suna gangarawa ko'ina. Wasu har gaban takalmin dogon. Ya kalle su, ya ɗauke kai ya kalli sama. Gwaggo ta ce inna lillahi a hankali. Surukata tana tsaye. Jigidar da ko ƙanwata ba ta taɓa gani ba, ga ta an raba wa Lamisula.

Aka ce ni zan buɗe da hannuna. Kowa ya ja baya, wasu suka toshe kunne. Na buɗe. Taɓarya ce ta fara gangarowa ta faɗi ƙasa, sai da wani saurayi ya yi tsalle. Daga nan suka shiga fitarwa ɗaya bayan ɗaya, dogon yana kiran sunan kowane abu kamar mai gwanjo. Gero. Tukunya. Kurfoti. Turmin sai da mutum biyu suka kama. Da aka kwance bargo aka ga kan keken ɗinki, mutanen da suka ɓuya duk sun dawo sun yi da'ira. Wata tsohuwa daga dangin ango ta matso ta ɗaga tukunyar ta duba gindinta, ta tambaya ko kayan ɗakin amarya ne, don ita dai ta ji an ce gidan masu shanu ne. Nan dariya ta fashe. Ya Hajja ta gyara laffaya ta ce kayan 'yarta tun jiya suna ɗaki, wannan na surukarta ne, ita ma yanzu take ganin su.

Dogon ya riƙe dutsen niƙa a hannu ya ce, "Hajiya, duk wannan ina za ki da shi?"

Na ce, "Duk inda aka gudu."

Dariyar ta ɗan ja baya. Dogon ya ajiye dutsen a hankali, ya miƙa wa Baban Fanna hannu ya tashe shi, ya kakkaɓe masa riga, ya ba shi haƙuri. Sannan ya tambaya, to ƙarar fa?

Da a nan aka tsaya da na tsira da rabin mutuncina. Amma Baban Fanna ya buɗe bonet. Ya leƙa ya ga kan sukurun nan biyu sun sha ƙarzar wuƙa, sai ƙyalli suke a cikin baƙin inji. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago ya kalle ni. Ni kuma bakina, da ba ya iya zama da shiru, ya ce Modu ne ya rage mata ƙarfi, ni mayar mata na yi. A gaban kowa. Wani ya tambaya da me, na ce da wuƙar albasa.

Tsohuwar nan mai tukunya sai da aka riƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce a bar yarinya, tun da fitinar nan ta fara ba amaryar da aka buga wa bindigar wushe-wushe, ta murnar biki, a layin nan, ga Yagana ta samu tata kyauta.

A ƙafa aka ƙarasa da amarya. (Ita ko motsi ba ta yi ba duk abin nan. Daga baya ta ce mini ta zaci cikin tsarin biki ne.) Ni ban shiga ba, wa zai bar ni in zauna masa a shimfiɗa. Rana tana sauka, Baban Fanna ya ari sukurudireba wurin mai faci ya mayar da sukurun da ka, aka loda kayana a bas, samarin da suka zaunar da shi su suka tura mu. Kuma tana tashi na ji bambanci. Bayanta ya ɗago, tafiyarta ta yi sauƙi kamar wadda ta sauke tulu. A nan ne, ina zaune a kan leda don kar in ɓata kujera, na gane ba Modu kaɗai ya kashe mata jiki ba. Muka shiga gida ana kiran magariba.

Bai yi mini magana ba sai da safe. Ina jiran faɗa, na ma shirya kuka. Sai ya zauna a bakin tabarma ya ɗauki Fanna, ya ce, "Kin zaci rowa ce ta sa na rage mata mai?" Bai jira amsata ba. Ya ce, "Man da zai kai mu Damaturu nake tarawa. Ban taɓa barin allurar nan ta sauka ƙasa da rabi ba, sai jiya."

Ashe shi ma ba barcin yake ba. Ashe gudu ɗaya muke shiryawa, shi yana tara mai, ni ina tara nauyi, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa don kada ya tsorata shi. Kukan da na shirya na ƙarya sai ya zo da gaske. Ya bar ni na yi, sannan ya ce amma fa ya ga fitowata daga kwata, kuma ba kowace mace za ta fito ba. Wannan maganar ita nake riƙe da ita duk sanda aka fara tsokanata.

Modu ya zo ya ga aikina, ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Ya ce sukurun da na taɓa na silo ne, aikinsu in mota tana tsaye, ba su ƙara gudu a hanya. Na dai ɗura mata man da ba ta iya ƙonawa, fulogi suka yi baƙi, sauran ya taru a salansa, dama ga ta da huda, sai ya kama wuta gaba ɗaya. Baban Fanna ya ce masa to yanzu a nemi tsakiya. Modu ya cire ƙaramin jet ɗin ya sa wanda bai kai na asali ba amma ya fi wancan, ya canza fulogi, ya wanke matatar iska, ya toshe salansa, aka ƙara wa tayoyi iska. Da aka zo saita silo sai Baban Fanna ya kira ni, wai tunda kunne gare ni in zo in yi amfani da shi a gaban mutane. Modu yana murɗawa ina saurare. Akwai inda take rawar sanyi, akwai inda take haki, a tsakaninsu akwai wani ɗan wuri da muryarta take kwantawa sumul. Na ce nan. Modu ya ce shi ma nan ya ji.

Ba ta zama jirgi ba. Mai kuma tana sha fiye da yadda Baban Fanna ya so. Ba wanda ya samu duk abin da yake nema a cikinmu. Amma Juma'ar da ta biyo baya mun wuce keke, na kuwa waiwaya na kalli direban da kyau. But kuma aka yi doka, jaka ɗaya, makulli a hannun maigida.

Ranar da muka je gaisuwa, Ya Hajja ta ce in biyo ta ɗaki. Na ce a raina yau zan ji abin da ba ta faɗa a titi ba. Ta tura ƙofa, ta durƙusa da kyar, ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin gado, an ɗaure shi tam da tsohon zane. Ta sassauta murya ta ce, "A jakar nan taki, akwai sauran wuri?" Na ce akwai. Ta ce kada ɗanta ya ji, zai ce ta tsufa da tsoro.

Na fito da shi a ƙarƙashin laffaya. Ban tambayi abin da ke ciki ba, amma ya yi nauyin da sai da na canza hannu kafin in kai mota.

Ranar gudun dai Allah bai kawo ta ba, mun gode masa. Abin da na koya kuwa, in tsoro ya kama ki, kafin ki ɗauki wuƙa ki fara tambayar wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, wataƙila shi ma nasa yana nan ya fi naki tsari. Sannan duk abin da za a iya ce miki fito da shi a tsakiyar titi, ki nema masa wani wurin ajiya.